Daga Rijiyar Mai Zuwa Tumbin Rago: Tafiyar Leda da Roba a Gidajenmu



Duk wanda ya doshi Maraɗi ko Damagaram ko Tawa a mota lokacin hunturu, ba ya bukatar allo ya sanar da shi cewa gari ya kusa. Itatuwan bakin hanya ne ke fara ba shi labari, domin aduwa da magarya da farar ƙaya duk sun yi lulluɓi da baƙar leda, iska tana kaɗa ta dare da rana. Ido ya saba da ganin haka har ya daina gani. Alhali kuwa dattawan da suka haura shekara 60 sun san lokacin da uwargida ke aiken yaro kasuwa da kwando ko ƙwarya, mai fura ta dama a ƙoƙo, a zuba tuwo a akushi a rufe da faifai, ruwan sha kuma ya kwana a randa. Cikin rayuwar mutum ɗaya duk wannan ya juya.

Ba mu zo nan domin mu ce roba haramun ce ba, ba mu da wannan hurumi, kuma ba gaskiya ba ne. Nufinmu shi ne mu bi sawunta tun daga inda aka haife ta har inda take ƙarewa, domin magidanci da uwargida su gane wuraren da take cutarwa ƙwarai. Za a ga cewa mafi munin cutar tana faruwa ne a wurare uku waɗanda duk suna hannunmu: inda ta haɗu da abinci mai zafi, inda aka cinna mata wuta, da inda aka yar da ita.

Asalinta

Kalmar roba a bakin Bahaushe ta haɗa abubuwa da yawa, tun daga bokiti da buta da takalmi da tabarma, har kujera da bututun famfo da tayar mota. Leda ita ce siririyar ƴar uwarsu. Kusan dukkansu uwa ɗaya ta haife su, wato man fetur da iskar gas da ake haƙowa daga ƙarƙashin ƙasa. Ana ware wani sashe na ɗanyen man a kai shi masana'anta, a dafa shi da zafin da ya kai digiri 800 har ya farfashe, sannan a sarƙa ƙananan ƙwayoyinsa su zama dogon zare, kamar yadda ake shirya tasbaha. Abin da ke fitowa ƴan ƙwayoyi ne farare masu girman ƙwayar dawa. Su ake zubawa a buhuna a sayar wa masu masana'antu, su narkar, su hura su zama leda, ko su zuba a mazubi su zama bokiti.

Abin ba daɗaɗɗe ba ne. A shekarar 1907 wani masani haifaffen Beljiyam mai suna Leo Baekeland ya haɗa robar farko a Amurka wadda ba daga itace ko dabba ta fito ba. A 1933 aka gano polietilen a Ingila, wato sinadarin da ake yin leda da shi. Ledar cefane mai hannu biyu kuwa, wadda muka sani yau, wani kamfanin ƙasar Suwidin ne ya yi mata rajista a 1965. A 1950 duk robar da duniya ta ƙera ba ta wuce tan miliyan 2 ba. A 2019 ta kai tan miliyan 460.

Mu a Nijar muna da mai, kuma tun 2011 matatar SORAZ da ke kusa da Damagaram take tace shi, amma fetur da gazuwal da gas take fitarwa. Leda da kayan roba yawanci shigo mana da su ake yi, kuma kaso mai yawa ta kan iyakar Najeriya yake biyowa. A can akwai babbar masana'anta a Eleme kusa da Fatakwal mai yin waɗannan ƙwayoyi, akwai kuma masana'antun Kano na Sharaɗa da Bompai da Challawa masu mayar da su leda da bokiti da takalmi, daga nan su hau mota zuwa kasuwanninmu.

Tun a wannan mataki na farko wasu ke fara biyan farashi. A watan Fabrairu na 2023 wani jirgin ƙasa ɗauke da sinadarin da ake yin robar PVC ya kauce hanya a jihar Ohayo ta Amurka. Aka kwashe mutanen garin, hukumomi suka ƙone sinadarin don gudun fashewa, baƙin hayaƙi ya turnuƙe sama. Wannan sinadari yana cikin waɗanda aka tabbatar suna haddasa ciwon daji na hanta ga ma'aikatan da suka daɗe suna shaƙarsa. Ban da haka, ƙididdigar 2019 ta nuna roba ce ke da alhakin kimanin kashi 3 cikin 100 na hayaƙin da ke ɗumama duniya, kuma mu mutanen Sahel ba sai an yi mana bayanin ɗumamar yanayi ba.

A faɗi alherinta

Adalci ya wajaba ko a kan leda. Allurar da ake yi wa mutum ɗaya a yar, jakar ƙarin jini da ta ƙarin ruwa, gidan sauro, bututun da ke kawo ruwan famfo, duk roba ne, kuma sun ceci rayukan da Allah kaɗai ya san adadinsu. Matacin ruwa na nailan yana cikin makaman da aka yaƙi kurkunu da su, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida a 2013 cewa Nijar ta rabu da wannan cuta. A yunwar 2005 dubban yara sun farfaɗo da abincin gyaɗa da madara wanda ba zai iso ƙauye lafiya ba in ba don ƙunshinsa ba. Saboda haka matsalar tana ga robar da ake amfani da ita minti 10 a yar, alhali an yi ta da abin da masana ke ƙiyasin zai yi ɗaruruwan shekaru bai ruɓe ba.

A ɗakin girki

Nan ne ya kamata iyaye mata su ƙara sauraro. Roba ba abu ɗaya tsantsa ba ce. Domin ta yi laushi, ko ta yi launi, ko ta jure rana, ana cuɗa ta da wasu sinadarai. Rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2023 ya lissafa sinadarai fiye da 13,000 masu alaƙa da roba, ya ce fiye da 3,200 daga cikinsu abin damuwa ne ga lafiya. Da yawa daga cikinsu ba a ɗaure suke da jikin robar ba, a saƙale kawai suke, kuma abubuwa uku ke sa su fita su shiga abinci: zafi, da maiƙo, da daɗewa.

To a duba abin da muke yi kullum. Mai koko tana zuba shi a leda yana tururi. Mai ƙosai tana tsamo shi daga mai ta jefa a baƙar leda. Ana malmala tuwo a ƙulle shi a leda a jera a kula tun rana har dare. Alala, wadda a da ake dafawa a gwangwani ko ganye, yanzu a leda ake ƙulla ta a tafasa kusan awa guda. Leda tana narkewa a wajen digiri 110, ruwa yana tafasa a digiri 100, man suya kuwa yana kaiwa digiri 170 ko fiye. Duk wadda ta taɓa ganin leda ta yamutse ta manne da ƙosai ta ga wannan lissafi da idonta.

Akwai bambanci tsakanin leda da leda, kuma ya kamata a faɗe shi don kada a tsorata mutane a banza. Farar leda sabuwa da aka yi domin abinci tana cikin robobi masu ƙarancin haɗari, muddin abin da ke ciki busasshe ne ko mai sanyi, kamar sukari ko gari ko ƙanƙara. Baƙar leda kuwa sau da yawa daga tsofaffin robobin da aka tattaro aka narkar ake yin ta, a zuba mata baƙin launi ya ɓoye asalinta. Ba wanda zai iya gaya maka abin da waɗancan robobi suka ɗauka a rayuwarsu ta farko. Ba a yi ta domin ta taɓa abinci ba, balle mai zafi. Maganin wannan ba shi da tsada: a ba yaro kwano mai murfi ya je sayen koko da ƙosai, a mayar da alala gwangwaninta, a zuba tuwo a kwanon ƙarfe kafin a sa a kula.

Sinadarai biyu sun fi yin suna. Na farko shi ne BPA, wanda ake samu a wata roba mai ƙarfi mai haske kamar gilashi, da kuma shafen cikin wasu gwangwanaye. Na biyu dangin ftalat ne, waɗanda ake sa wa robar PVC don ta yi laushi, kamar a wasu kayan wasan yara da tiyo. Dukansu suna iya rikita sinadaran jiki masu tsara girma da balaga da haihuwa, shi ya sa aka fi jin tsoronsu ga mai ciki da jariri. Tarayyar Turai ta hana BPA a kwalbar shayar da jarirai a 2011, Faransa ta hana shi a duk mazubin abinci daga 2015, sannan a ƙarshen 2024 Tarayyar Turai ta zartar da irin wannan hani ga ƙasashenta baki ɗaya. Ftalat kuwa tun 1999 aka fara hana shi a kayan wasan da yara ƙanana ke sa wa a baki. Kayan da aka hana a can ba su daina zuwa kasuwannin da ba a bincike ba.

Ko kwalbar da ba ta da BPA tana son kula. A 2020 masu bincike a birnin Dublin na ƙasar Ailan sun gano cewa idan aka haɗa madara da ruwan zafi a kwalbar roba aka girgiza, miliyoyin ɓurɓushin roba da ido ba ya gani suna sakuwa cikin kowace lita. Shawarar da suka bayar mai sauƙi ce: a haɗa madarar a mazubin da ba roba ba, ta huce, sannan a juye. Nonon uwa zalla har wata 6, kamar yadda likitoci ke horo, ya kuɓutar da jariri daga wannan gaba ɗaya.

Wannan ɓurɓushi ya riga ya shiga jikin ɗan Adam. A 2022 wani bincike a Holan ya same shi a jinin mutum 17 daga cikin 22 da aka gwada. A 2024 likitoci a Italiya suka duba kitsen da aka kankaro daga jijiyar wuya ta marasa lafiya 257, suka sami roba a fiye da rabinsu, kuma cikin kusan shekara 3 da suka biyo baya waɗannan sun fi sauran gamuwa da bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki ko mutuwa, har ninki 4 da ɗoriya. Likitocin da kansu sun yi kashedi cewa alaƙa ce suka gani, ba su yanke cewa robar ce sanadi ba. Amma mai hankali ba ya jiran rijiya ta rufta kafin ya janye yaro daga bakinta.

Ruwan leda na dala biyar ya zama abokin kowa, a tasha da makaranta da wurin biki. Kada a bar buhunsa a rana yini guda, kuma a tuna cewa bayan ledar da ake ciza da haƙori ya bi hannaye da yawa da ƙurar hanya. Abin da ya fi wannan haɗari nesa ba kusa ba shi ne jarkar da ta taɓa ɗaukar maganin ƙwari ko na kashe ciyawa ko baƙin mai, a wanke a zuba ruwan sha ko man gyaɗa ko nono. Roba tana tsotse guba a jikinta ta riƙa sakinta a hankali, sabulu da toka ba sa fitar da ita. Irin wannan jarka a huda ta don kada wani ya tsinta ya yi amfani da ita.

Mai sayen kwano ko kwalba ya juya gindinta, sau da yawa zai ga lamba a cikin alama mai kusurwa uku. Lamba 2 da 4 da 5 su ne suka fi dacewa da abinci, kuma 5 ta fi jure zafi. Lamba 1 ita ce gorar ruwa da lemo, kada a zuba mata abu mai zafi. Lamba 3 da 6 da 7 a nisanta su da abinci mai zafi. Kwanon da ya tsufa, ya kankare, ya canja launi, lokacinsa ya wuce. A kuma ɗauke leda daga inda jariri ke rarrafe, domin idan ta rufe masa hanci da baki minti kaɗan ya isa.

Hayaƙi

A ganinmu wannan ita ce cuta mafi girma kuma mafi sauƙin bari. Gidaje da yawa da leda ake hura gawayi ko ɗanyen itace, saboda tana kamawa nan take. Uwa ta duƙa tana fifita, hayaƙin na shiga ƙirjinta da na goyon da ke bayanta. Da yamma kuma kowace unguwa a tara shara a cinna mata wuta, ga hazon hunturu ya danne hayaƙin ya hana shi tashi, ya kwanta a tsakar gidaje har bayan Isha'i. Hayaƙin itace shi kaɗai babban makashi ne, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin girki a cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutum kimanin miliyan 3 a 2020. Ƙara masa roba ƙarin gishiri ne a kan gyambo, musamman ga masu asma da tsofaffi da jarirai.

Idan cikin sharar akwai PVC, kamar guntun tiyo ko tsohon takalmi ko bawon wayar lantarki, wutar bola mai ci a hankali tana haifar da gubar da ake kira diyoksin. Tun 1997 hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta sa mafi muninta a jerin abubuwan da aka tabbatar suna jawo wannan ciwo. Halinta shi ne ba ta ɓacewa. Tana sauka a ƙasa da toka, kaza ta yi kiwo a wurin, akuya ta lasa, gubar ta taru a kitse da ƙwai da nono, daga nan ta dawo kwanon gida. Fiye da kashi 90 cikin 100 na diyoksin da ke shiga jikin mutum ta abinci yake shiga. A 2019 an gwada ƙwan kajin da ke kiwo a Agbogbloshie cikin birnin Akara, inda a lokacin matasa ke ƙona wayoyi don ciro tagulla, aka tarar ƙwai ɗaya ya ninka abin da hukumar abinci ta Turai ta yarda mutum ya ci a yini sau 220.

Wannan magana ba baƙuwa ba ce a fiƙihunmu. Malaman Malikiyya sun daɗe da tattauna hukuncin wanda ya tayar da hayaƙi ko wari ya shiga gidan maƙwabcinsa. A ƙarni na 14 wani magini ɗan birnin Tunis mai suna Ibn Rami ya tara irin waɗannan hukunce-hukunce a littafi guda, ya nuna yadda alƙalai ke hana sabon aikin da hayaƙinsa ke cutar da maƙwabta. Wanda ya share ƙofar gidansa tas, sannan ya aika hayaƙin sharar ɗakin jaririn maƙwabci, ya sake duba tsabtar tasa.

Bayan an yar

Ledar da ba a ƙone ba iska ke ɗauka, inda ta fi sauka kuwa shi ne lambatu. Can take haɗuwa da yashi da gorar ruwa ta zama toshi. Ba leda ke kawo ruwan sama ba, amma ita ke hana shi wucewa. Ƙasar Bangaladash ta hana siririyar leda tun 2002, bayan an ga yadda ta toshe magudanai a ambaliyar da ta gabata. A daren 3 ga Yuni 2015 ruwa ya cika tsakiyar Akara, mutane suka fake a wani gidan mai, man ya bi ruwa ya kama wuta, kimanin mutum 150 suka rasu, kuma magudanan da shara ta toshe suna cikin abubuwan da aka ɗora wa laifi. Mu ma mun ga ambaliyar Yamai ta 2020, mun ga daminar 2024 da ta ci rayuka fiye da 300 a Nijar ta shafi mutum fiye da miliyan 1. Ruwa irin wannan ko lambatu a buɗe yake sai ya yi ɓarna, balle ya tarar da shi cike.

Ruwan da ya kwanta gidan sauro ne. Kududdufi yana haifar da sauron masassara, tsohuwar taya da fasasshen bokiti da gorar da ta tari ruwa kuma su ne wurin da sauron zazzaɓin dengi ya fi so. A 2023 wannan zazzaɓi ya kashe fiye da mutum 700 a Burkina Faso, maƙwabciyarmu.

Manoman karkarar gari suna da nasu kuka. Al'ada ce mai kyau a kwashi sharar gari a amalanke a kai gona ta zama taki. A da toka ce da kashin dabbobi da ɓawon abinci. Yau leda ta cika ta, garma ta binne ta, saiwar gero ta zo ta tarar da shamaki, ruwa ya kasa ratsawa. Wadda ta saura a sarari rana ce ke gasa ta har ta yi ta karyewa ta zama gari, mai kallo ya ɗauka ta ruɓe, alhali tana nan ta gauraya da ƙasa. A kan wannan ne ake yaudarar mutane da wasu ledojin da aka rubuta musu cewa masu ruɓewa ne, waɗanda sinadarin saurin farfashewa kawai aka sa musu. Tarayyar Turai ta hana irinsu daga 2021.

Doka tana nan

Mutane da yawa ba su san cewa tun ranar 5 ga Nuwamba 2014 Nijar ke da doka mai lamba 2014-63, wadda ta hana ƙerawa da shigowa da sayarwa da ajiyar siririyar leda ba. Wanda ya shiga kasuwa ya sayi tumatir na dala goma zai ga matsayin dokar da kansa. Kan iyakarmu da Najeriya ta kai kusan kilomita 1,500, ledar ba ta da nauyi, mai kanti kuma ba a ba shi madadi mai araha ba. Kamaru ta fara aiki da irin wannan hani a 2014, birnin Injamena ya kafa nasa a 2010. Inda abin ya kama ƙasa sosai, kamar Ruwanda daga 2008 da Kenya daga 2017, an haɗa doka da bincike a kan iyaka da tara mai zafi, har Kenya ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 4. A matakin duniya, ƙasashe 175 sun amince a Nairobi a 2022 su rubuta yarjejeniya kan gurɓatar roba, amma taron Busan na 2024 da na Janeba na 2025 duk sun watse ba a daidaita ba, domin wasu ƙasashe masu arzikin mai sun ƙi a taƙaita yawan abin da ake ƙerawa.

Sake sarrafawa fa? Yana da amfani, amma kada a ɗora masa kayan da ba zai iya ɗauka ba. Wani bincike na 2017 ya ƙiyasta cewa daga 1950 duniya ta ƙera roba tan miliyan 8,300, kuma daga abin da ya zama shara kashi 9 cikin 100 kaɗai aka sake sarrafawa, aka ƙone kashi 12, sauran yana bola ko yana yawo. Masu sayen tsofaffin kaya suna karɓar fasasshen bokiti da buta da takalmi a kan kilo, don haka a ware musu waɗannan, ko kuɗin gishiri ne. Siririyar leda ce ba mai so, saboda sai ka tara ɗaruruwa kafin ta yi kilo. Wasu ƙungiyoyin mata a Bobo-Diyulaso suna wanke ta su saƙa jakunkuna, a Abijan kuma an kafa masana'antar da ke mayar da sharar roba bulo ana gina ajujuwa. Masu narkar da leda da yashi a buɗaɗɗen duro don yin bulon daɓe kuwa, aikinsu na rage shara, amma ƙirjinsu ke biya in ba su da kariya.

A nan ƙungiyoyi da kwamitocin masallatai suna da abin yi wanda ba ya jiran gwamnati. Buɗa-bakin azumi, da walima, da suna, da wa'azin dare, duk wurare ne da ake tashi a bar filin fari fat da ledar ruwa. Randa ko babbar kula da kofuna za su wadatar, buhu guda a bakin ƙofa kuma zai tara abin da ya saura. Masu saƙar kaba da maginan tukwane na Mirya da Bubon suna nan da ransu, kasuwa kawai suke jira.

Tumbin rago

A tambayi kowane mahauci a mayankar gari, zai ba da labarin abin da yake cirowa daga cikin dabbobi. Akuya da tunkiya da saniya ba sa tauna abinci sosai a karon farko, haɗiyewa suke yi ya sauka a tumbi, daga baya su dawo da shi su tuƙa. Ledar da ta ɗauki gishiri ko mai ko ƙanshin dusa abinci ce a wurinsu, musamman da rani in ciyawa ta ƙare, ko dabbar na da ƙarancin gishiri a jiki. Tumbi ba ya narkar da ita, ba ta kuma iya wucewa. Sai ta nannaɗe da ƴar uwarta da igiya da tsumma, ta dunƙule ta zama curi mai tauri, a saniya yakan kai kilo da yawa. Dabbar ta ji cikinta cike ta rage ci, ciki ya kumbura, ƙashin baya ya fito, gashi ya tashi, nono ya ƙafe. Mai ita ya yi ta sayen maganin tsutsa a banza. Lokacin da Muritaniya ta hana leda a farkon 2013, hukumominta sun ce yawancin shanu da tumakin da ke mutuwa a birnin Nuwakshot leda ce ke kashe su.

A gidajenmu akuya ita ce asusun mace, da ita ake biyan magani da kayan makaranta da kayan ɗakin ƴa. Rago kuma shi ne layyar maigida, kuma malamai sun bayyana cewa dabbar da ta rame ƙwarai har ba ta da kitse ba ta isar wa layya. Barin dabba ta yi kiwo a bola asarar dukiya ce, kuma tauye haƙƙin bisa ne wanda aka ba mu amanarta. A ɗaure ta ko a yi mata garke, a ba ta kanwa ko gishirin lasa, a duba harawa da dusa kafin a zuba. Idan alamun sun bayyana a kai ta wurin likitan dabbobi da wuri, domin ana iya buɗe tumbi a ciro ledar a ɗinke, dabba ta tashi, in ba a makara ba.

Ranar Babbar Sallah kuma a kula da wuta. Kada a hura itacen gashin nama da leda ko guntun taya, kada a babbake kai da ƙafa da su, domin baƙin hayaƙin yana manne wa fata da kitse, wanki ba ya fitar da shi duka. Naman rabo a kai wa maƙwabta a kwano a dawo da kwanon. Idan aka feɗe aka tarar da leda a tumbi, a kira yaran gida su gani da idonsu, sannan a ƙulle ta a binne da zurfi. Kada a watsar da ita a bola tare da ƙazantar ciki, domin ledar da ta yi wata 6 a cikin rago tana fitowa da ƙarfinta, ga ta kuma da ƙanshin da akuyar maƙwabta ke so.